Kwabban Rumawa: Ku Gama Dariya, Mu Ɗora A Sikeli

Ku matso kusa, ku masu dariya. Na san abin da ke ba ku dariyar: a ce mutum da gemunsa ya zauna gaban fitila, ya ƙura wa wani koren ƙarfe ido ta gilashin ƙara girma, yana ta muhawara da kansa ko wannan harafin T ne ko I ne, har tuwo ya huce. A tambaye shi me ya samu, ya ce kwabon Rumawa ne na shekara dubu ɗaya da ɗari bakwai. A ce to nawa ne, ya hau sosa ƙeya. Daga nan kuke fashewa. Ba laifi, ku yi abinku. Amma tunda kun zo, ba mai tafiya sai ya karɓi rabonsa, kuma da Alhaji zan fara, don dariyarsa ta fi ta kowa ƙara.

Alhaji, ranka ya daɗe, tambayarka ɗaya ce tun fil azal: nawa za a saya? Ga amsa ba ɓoye-ɓoye. Ƙaramin kwabon tagulla na ƙarni na 4, irin na zamanin Sarki Kwanstantin da 'ya'yansa, in ba shi da wani abu na daban, dala biyar zuwa goma sun saye shi a hannun dillalai, wani ma bai kai haka ba. Na ga fuskarka ta yamutse, bari in ɗan gyara ta. A 2008 an yi gwanjon wani babban kwabon tagulla na Sarki Hadiriyan a Janiba, ya haura dala miliyan ɗaya da rabi. A'a, mayar da wayar aljihu, kada ka kira yaronka. Irin wannan ba ya zuwa hannun ire-irenmu. Kai da ka tsufa a kasuwa ka fi ni sanin cewa tsufan kaya ba ya ɗaga farashi, ƙarancinsa ke ɗagawa, kuma Rumawa ba su san ƙaranci ba wajen buga tagulla. A 2010, kusa da garin Frome a Ingila, wani mai yawo da na'urar gano ƙarfe ya ci karo da tukunya ɗaya tak mai ɗauke da kwabbai 52,503. A 2016, a Tomares kusa da Sebiya a Sifaniya, ma'aikata suna haƙa rami suka faɗa kan tuluna 19, nauyin kuɗin ciki wajen kilo 600. A Misrata ta Libiya, a 1981, abin da aka tono ya haura dubu ɗari. Saboda haka in jari kake nema, tsaya a kan shinkafarka da sukarinka. Wannan hajar ba ta haihuwa.

To me ya sa muke binta? Saboda ita ce kuɗin talaka. Wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, Sarki Ogustus ya daidaita tsarin: zinariya guda dinari 25 ne na azurfa, dinari guda sestertiyus 4, sestertiyus guda as 4, dupondiyus as 2, sai ɗan autansu kwadirans, rubu'in as. Soja yana karɓar dinari 225 a shekara. Da kwadirans guda ake shiga gidan wanka na jama'a a birnin Rum, kuma lissafin cefanen da aka samu a bangwayen Pompeii, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, duk da as aka rubuta shi: na burodi, na mai, na cuku. Zinariya kwana take a akwatin attajiri, ba ta san zafin rana ba. Tagulla ce take yawo daga hannun mai burodi zuwa na wanzami zuwa na mai jaki. Akwai sestertiyus ɗin da suka yi sama da shekara ɗari suna wannan zirga-zirga, har fuskar sarki ta shafe sai inuwarta. Sulɓin nan da kake rainawa, Alhaji, 'yan kasuwa 'yan'uwanka ne suka yi shi da yatsunsu, suna ciniki suna rantsuwa cewa ba su ci riba ba.

Sai kai, ɗan'uwa mai zargi, da ka ce duk jabu ne, wani maƙeri ne ya zuba su shekaranjiya ya turbuɗe a bola su yi kore. Ba ka yi ƙarya duka ba. Jabu akwai, kuma sana'ar tana da manyanta. Giovanni da Cavino na birnin Padua a Italiya, wanda ya rasu a 1570, ya ƙera manyan kwabban sarakunan Rum da kyan da ya sa yau ana tara nasa da sunansa. Carl Wilhelm Becker na Jamus, wanda ya rasu a 1830, ana ba da labarin yakan zuba sababbin kuɗinsa a akwati tare da garin ƙarfe, ya ɗaure a ƙarƙashin keken doki, ya yi tafiya da su don su goge su yi kama da tsofaffi. Ga wani tarkon da ya daɗe yana kama masu kuɗi: Sarki Oto wata uku kacal ya yi a mulki a shekara ta 69, kuma maƙerar birnin Rum ba ta buga masa tagulla ba ko ɗaya. Masu son cika jerin sarakuna suka nace sai sun samu, 'yan jabu kuwa ba sa ƙin taimakon mabuƙaci. Duk wanda ya nuna maka sestertiyus ɗin Oto na birnin Rum, gaishe shi da aiki.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Kwabon gaske na zamanin sarakuna bugawa aka yi: a sassaƙa hatimi biyu da hannu, a kafa ɗaya a uwar maƙera, a ɗora ɗan faifan ƙarfe, a ɗora ɗaya hatimin a sama, a sauke guduma. Shi ya sa za ka ga wani ya karkace, rabin rubutu ya faɗa waje, wani gefensa ya tsage, wani an buga shi sau biyu hancin sarki ya zama biyu. Na zubi kuwa yakan bar layin haɗi a gefe ko alamar an goge layin, da 'yan ramukan kumfa, haruffansa kamar sun narke, nauyinsa kuma ba ya zuwa daidai. In ka ga kwabbai biyu iri ɗaya sak, har tsaga da gogewa a wuri guda, to uwa ɗaya ta haife su, kuma ba a Rum ba. Sannan ka riƙe wannan: mulkin Rum bai ƙetaro Sahara ba. Kayansu sun ɗan gangaro ta hannun fatake, har a kabarin Tin Hinan da aka buɗe a Abalessa ta kudancin Aljeriya a 1925 an samu ɗan ganyen zinariya mai tambarin kwabon Kwanstantin. Amma wanda ya zo maka da tukunya guda ya ce a bayan ƙauyensu ya haƙo, riƙe aljihunka da hannu biyu. Ka ga ashe zarginka yana da amfani, wurin ajiye shi ne ba ka sani ba.

Yanzu ku karɓi gilashin, mu karanta. Ga sestertiyus, faɗinsa ya haura milimita 30, nauyinsa wajen giram 25. A kewayen kan sarki an rubuta IMP CAES NERVAE TRAIANO AVG GER DAC P M TR P COS V P P. Kada ku gudu, kirari ne aka taƙaita, irin wanda maroƙi zai yi minti biyu yana jerawa. Sarki Tirajan ne, magajin Nerba: jagoran mayaƙa, Kaisar, mai martaba, wanda ya ci ƙabilun Jamaniya, ya ci Dakiya inda Romaniya take a yau, shugaban masu kula da addini, mai riƙe da ikon kare talakawa, kansul karo na biyar, uban ƙasa. Rumawa ba kasafai suke rubuta shekara a kuɗinsu ba, amma sun rubuta ta ba su sani ba. Tirajan ya hau kujerar kansul karo na biyar a 103, karo na shida a 112, don haka wannan kwabon tsakanin 103 da 111 aka buga shi. Magajinsa Hadiriyan shi ne bai kyauta mana ba: ya yi kansul karo na uku a 119, bai sake yi ba har ya mutu a 138, sai ya bar mu da COS III na kusan shekara ashirin, muna ta auna yadda gemunsa da wuyansa suka sauya. A bayan kwabon za ku ga manyan haruffa biyu, S da C, wato da izinin majalisar dattawa. Majalisar da sarki ke yi wa tsawa ta yi shiru, amma an bar mata sunanta a kan kuɗin canji don kada ta ji an raina ta.

In rubutu ya shafe, sai a koma ga fuska, kuma masu sassaƙa na ƙarni biyu na farko ba su iya fadanci ba. Nero yana ƙara ƙiba shekara bayan shekara, kwabbansa suna ba da shaida, har wuya ya haɗe da haɓa. Nerba hancinsa kan riga shi shiga ɗaki. Basfasiyan fuskarsa a murtuke, kamar an kawo masa lissafin baitulmali. Hadiriyan ne ya fara tsayar da cikakken gemu, sarakunan bayansa suka bi. Matan gidan sarauta kuwa da gyaran gashi ake rarrabe su, don kowace da yayinta. Ko hular kai tana magana: dupondiyus da as girmansu kusan ɗaya, da launi ake gane su suna sababbi, ɗaya ruwan zinariya ɗaya ja. Tun daga zamanin Nero aka fara sa wa sarki kambi mai tsinaye kamar hasken rana a kan dupondiyus, alamar ninki biyu ne. Yau da duk sun koma kore, wannan kambin ne ke ceton mu.

Wahalar tana ƙarni na 4, inda aka daina zana mutum aka koma zana sarauta: kowa da manyan idanu, kowa da ɗaurin kai na duwatsu, kowa yana kallon dama. Kuma sai aka yi rashin sa'a gidan da ke mulki ya ƙi wahalar da kansa wajen raɗin suna. Kaka Kwanstantiyus, uba Kwanstantin, 'ya'ya Kwanstantin da Kwanstantiyus da Kwanstans, ga kuma ɗan baffansu Galus da aka liƙa masa Kwanstantiyus. Tsakanin CONSTANTINVS da CONSTANTIVS harafi ɗaya ne, kuma ƙasa ta san inda take ci, a daidai nan take ci. To ga dabarar. Juya kwabon. In ka ga soja yana soke mahayin da dokinsa ya faɗi, a kewaye an rubuta FEL TEMP REPARATIO, wannan zanen a 348 aka fara shi. Uban ya mutu a 337, babban ɗan an kashe shi a 340, don haka su biyun sun fita daga zargi. Sai ka dubi kai. In da ɗaurin sarauta da AVG, galibi Kwanstantiyus na biyu ne, don shi ya cika duniya da irin wannan. In kan a buɗe yake ba komai, kuma rubutun ya ƙare da NOB C ko NOB CAES, to mai jiran gado ne, Galus ko Juliyan. Wa ya ce wasan yara ne? Alƙali ma da shaidu yake yanke hukunci.

Sauran shaida ɗaya, 'yan haruffan da ke can ƙasa a bayan kwabo, ƙarƙashin ƙafafun soja. Su ne adireshin maƙera. ALE Iskandariyya ce ta Masar, AN ko ANT Antakiya, SIS Siskiya wadda yau ake kira Sisak a Kuroshiya, TR Trier ta Jamus, PLN Landan, SMK Kizikus a Turkiyya ta yau. Harafin da ke maƙale da su yana faɗin ko wane ɗakin aiki ne a cikin maƙerar, na ɗaya ko na biyu ko na huɗu, don in nauyi ya gaza a san wuyan da za a kama. Nan ma akwai rami: CONS Kustantiniyya ce, Istanbul ta yau, amma garin Arles na Faransa shi ma an taɓa raɗa masa suna Kwanstantina, yana sa CONST. Sabon shiga yakan yi tsalle ya ce ya samu na babban birni, alhali na kudancin Faransa ne. Bambancin shi ne na Arles harafin ɗakin aiki gaba yake zuwa, P ko S, na Kustantiniyya kuwa baya yake zuwa, kuma na Girkanci ne.

Ga inda nake son ku daina dariya na minti ɗaya, ku miƙo sikeli. Rubutun kan kwabo maganar sarki ce, nauyinsa kuwa maganar kasuwa ce, kuma ba kasafai suke jituwa ba. A 215 Sarki Karakalla ya fito da sabon kuɗin azurfa da aka ɗauka a matsayin dinari biyu, alhali azurfar ciki ta dinari ɗaya da rabi ce. Kafin 270 wannan kuɗin ya koma tagulla da aka shafa wa ɗan ruwan azurfa, azurfarsa ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba, shi ya sa yau muke jera shi cikin tagulla ba tare da neman afuwa ba. A 294 Sarki Diyokiletiyan ya ce a sake lale, ya fito da sabon kwabo mai giram goma. Farashi ya ci gaba da gudu, sai a 301 ya kafa dokar ƙayyade farashin komai: lebura a gona dinari 25 a yini da abincinsa, wanzami dinari 2 kowane kai, wanda ya ƙara kuwa hukuncinsa kisa. Kaya suka ɓace daga kasuwa. Alhaji, na ga ka gyara zama. Kwabon giram goman nan, kafin 313 ya dawo giram uku da 'yan kai, a 330 wajen biyu da rabi. A wannan shekarar aka sa masa sojoji biyu da tutoci biyu a tsakaninsu, da rubutun GLORIA EXERCITVS, ɗaukakar runduna. Wajen 336 aka sake rage shi ya gaza giram biyu, wuri ya yi kaɗan, sai aka cire tuta ɗaya. Ɗaukakar tana nan a rubuce, tutar ce ba ta samu wurin tsayawa ba. Shi kuwa FEL TEMP REPARATIO ma'anarsa zamanin jin daɗi ya dawo. Ya fito da giram biyar da ɗan ɗori, cikin shekara goma ya zube zuwa rabin haka. Jera biyar daga cikinsu a tabarma daga babba zuwa ƙarami, ka ga jin daɗin yana ramewa a gaban idonka. Ba wani littafin tarihi da zai gaya maka wannan da dala ashirin.

Kuma kada ku ɗauka ku ne farkon masu yi wa kwabo dariya. A 362 Sarki Juliyan ya sauka a Antakiya, ya fito da babban kwabo mai hoton bijimi da taurari biyu a bisansa, ga shi kansa a gaba da gemu buzu-buzu a zamanin da sarakuna ke aske fuska. Mutanen gari suka sa shi gaba da ba'a, gemun da kwabon duka. Ransa ya ɓaci har ya zauna ya rubuta musu littafin martani. Shekara ɗaya bayan haka ya mutu a yaƙin Farisa. Masu ba'ar ba a san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, bijimin kuwa yana nan, kuma ya fi maƙwabtansa tsada.

Kai kuma ɗan boko, da ka gyara tabarau ka ce ai Turawa sun gama rubuta komai, me ya rage wa mai ɗan gilashi? Gaskiya an yi rubutu. Babban kundin da kowa ke komawa gare shi, Roman Imperial Coinage, Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara shi a 1923, juzu'i na goma bai fito ba sai 1994, kuma yau ana iya bincika dubban ire-iren a intanet kyauta. Amma saurari labarin Domitiyanus. A 1900 aka samu wani ƙaramin kwabo a yammacin Faransa, kusa da Nantes, da sunan wani sarkin da ba ya cikin jerin sarakuna. Masana suka ce jabu ne, wani ne ya gyara haruffa. Sai a 2003, a Chalgrove kusa da Oxford, aka tono tukunya mai kwabbai kusan dubu biyar da tsatsa ta manne su wuri guda, ba hannun da ya taɓa su tun ƙarni na 3. Ana ɓamɓare su sai ga na biyu. Ashe mutumin ya yi sarauta wajen 271, ta 'yan kwanaki ko makonni, har ya samu damar buga kuɗi kafin a gama da shi. Yau kwabon yana gidan tarihi na Ashmolean. Shekara ɗari masu digiri suna musu, ɗan koren ƙarfe ya raba gardamar. Ga kuma Karausiyus, wanda ya ƙwace Birtaniya a 286 ya naɗa kansa sarki. Ƙa'idar ita ce AVGG mai G biyu na nufin sarakuna biyu. Gogan naka sai ya ƙara G na uku, har ya buga kwabo da kansa jere da na halattattun sarakunan biyu, ya kira su 'yan'uwansa. Cusa kai ba kwarjini. Ba su amsa gaisuwar ba, kuma a 293 ma'ajinsa Alektus ya kashe shi ya hau kujerar.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, na ga tun ɗazu idonki yana kan koren nan, hannunki yana ƙaiƙayi. Na san maganinki: lemon tsami da toka da soson ƙarfe, kafin la'asar ya yi ƙyalli. Don Allah a yi haƙuri. Koren nan mai santsi, ko ruwan ƙasa, ko baƙi, fata ce da ƙarfen ya yi wa kansa cikin ɗaruruwan shekaru, kuma sau da yawa rubutun a jikinta yake zaune. A kankare ta, a tarar da jan ƙarfe mai ramuka, ba sarki ba kirari: garin gyaran gira an rasa ido. Masu abin jiƙawa suke yi a tataccen ruwa kwana da kwanaki, wasu a man zaitun ko da yake yana duhunta shi, sannan su bi ƙasar da tsinke da burushi mai laushi, kaɗan-kaɗan. Kore ɗaya ne abokin gaba, mai haske mai gari-gari, wanda in an taɓa yake zuba. Shi ake kira cutar tagulla: gishirin da ya shige ƙarfen ne yake haɗuwa da laima yana cinsa daga ciki, in an ƙyale shi sai ya huda kwabon. Irin wannan ware shi ake yi daga sauran, a yi masa magani, a ajiye a busasshen wuri. Nan kam, Hajiya, tsaftarki muke nema.

Allah gafarta Malam, ka yi shiru amma na ji tambayar: hotunan sarakunan da ba su yi imani ba da gumakansu, me ya kai Musulmi? Hukunci naku ne, ni ba na fatawa. Tarihi kawai zan ajiye a gabanka. Dinarin zinariya da ke yawo a Hijaz a farkon Musulunci na Rumawa ne, da hoton sarkinsu, har sai da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira. Hiraƙla, sarkin Rum da aka aika wa wasiƙa, kwabbansa na tagulla masu babban harafin M suna nan a hannun masu tarawa, ba su da tsada. Kuma ka fi ni sanin ƙissar Ashabul Kahfi. Malaman tafsiri da dama sun kira sarkin da samarin suka guje wa Dakyanusu, wanda ake ɗauka shi ne Desiyus da ya yi mulki daga 249 zuwa 251, kuma sun kawo cewa da aka kai kuɗin kasuwa, mai abinci ya juya shi ya ga tambarin sarkin da ya daɗe da shuɗewa. Nasu na azurfa ne, amma abin da mai abincin ya yi shi muke yi: a dubi kuɗi a gane zamani. Ka ga sana'ar ba jiya aka fara ta ba.

Akwai mutum ɗaya a cikinku da ba ya dariya, kuma shi kaɗai ba zan zolaya ba: mai tambayar daga ina kwabban suke fitowa. Yana da gaskiya. Kwabon da aka fizge daga ƙasa da daddare, ba a rubuta inda yake ba, ba a san me ke gefensa ba, ya rasa rabin maganarsa har abada. Hotunan tauraron ɗan'adam na tsofaffin biranen Afamiya da Dura-Europos a Siriya, lokacin yaƙi, sun nuna ƙasa duk ramukan ɓarayin kayan tarihi, kuma mai saye ba tambaya shi ne ke biyan ladan haƙar. Domitiyanus bai tabbata ba sai don an kai tukunyar yadda take. Mutumin Frome ma bai zazzage tasa ba, ya kira masana suka kwashe ta hawa-hawa, aka kimanta ta fam 320,250, aka raba tsakaninsa da mai gona, kwabban kuma suka tafi gidan tarihi na Somerset. Dokar Ingila ta 1996 ta wajabta kai rahoton kwabban tagulla goma ko fiye da aka samu wuri guda in sun haura shekara 300. Masar ta hana cinikin kayan tarihi tun 1983, a Italiya abin da ke cikin ƙasa na hukuma ne. Mai tarawa na kirki yana tambayar asalin kaya, yana ajiye takardar da ta zo da shi, kuma buhun kwabbai masu ɗanyar ƙasa da ba a san mafitarsu ba, araharsu ba ta ruɗinsa.

To, dariya ta ƙare, ga jarrabawa. Kwabo ne ƙarami, faɗinsa milimita 18. A gaba saurayi ne, kansa a buɗe ba ɗauri, an rubuta D N CONSTANTIVS IVN NOB C. A baya soja yana soke mahayin da ya faɗi, a ƙasa an sa ASIS. Wane ne, a wane gari aka buga shi, a ɗakin aiki na nawa? Duk abin da kuke buƙata na riga na ba ku, sai ƙarin taimako ɗaya: mutumin ya zama mai jiran gado a 351, ɗan baffansa sarki ya sa aka sare kansa a 354. Ba zan faɗi amsa ba. Wanda ya ɗaga kafaɗa ya wuce, Allah ya kiyaye hanya, lafiyarsa ƙalau. Wanda kuwa ya koma sama yana neman inda na yi maganar buɗaɗɗen kai, to sannu da kamuwa. Nemi gilashi da ƙaramin sikeli, kuma tun yau ka fara shirya abin da za ka gaya wa Alhaji ranar da ya tambaye ka nawa za a saya.